Babi na Shida: Tsautsayi da Tsari

Wata rana da rani, a wani aji a Gidan Waya, na ɗaga wa ɗalibai hoton wani zanen Jackson Pollock da na yago daga tsohuwar mujalla. Babu mutum a ciki, babu itace, babu ko inuwar gida. Layuka ne kawai, baƙi da fari da ruwan ƙasa, sun sarƙe kamar yanar gizo-gizo da iska ta bi ta kai. Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah kaza ce ta taka fenti, ko akwai abin da mu ba mu gani ba?" Aka tuntsire da dariya, har da ni. Da na faɗa musu cewa a 2006 jaridu sun ba da labarin an sayar da wani zanen mutumin nan a kan dala miliyan 140, sai dariya ta ɗauke, wasu na salati, wasu na kiran Yesu.

Tambayar yarinyar ba ta wauta ba ce. An yi wa Pollock irinta a ƙasarsu tun yana raye. Amma amsar da ta gamsar da ni ba daga New York ta fito ba. A Samaru ta Zariya na same ta, a hannun wani mutum mai suna Gani Odutokun. Sai dai kafin mu isa gare shi, dole mu bi ta gidan Ba'amurken.

An haifi Pollock a watan Janairu 1912 a garin Cody na jihar Wyoming, shi ne auta cikin maza biyar. Iyalin ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, yau Arizona, gobe Kalifoniya. A 1930 ya bi yayansa Charles zuwa New York, ya shiga hannun Thomas Hart Benton, malamin da ya ƙware wajen zana manoma da 'yan ƙwadago, ƙwanji da jijiya duk a fili. Pollock ba shi da irin wannan hannu. Zanen fensir yana ba shi wuya, kuma shi da kansa ya sani. Abin da ya rufa masa asiri a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya karye shi ne shirin gwamnatin Roosevelt na biyan masu zane albashi, wanda ya shiga a 1935. Shekara guda bayan haka ya yi aiki a ɗakin gwajin David Alfaro Siqueiros, wani ɗan Meziko da ke sa yaransa su watsa fentin masana'anta su ga abin da zai yi. A 1941 kuma ya tsaya ya kalli 'yan ƙabilar Navajo, mutanen asalin ƙasar, suna zuba yashi mai launi a ƙasa suna fitar da zane, babu buroshi babu allo.

Waɗannan abubuwa sun daɗe suna tsima a cikinsa. Sai da ya auri Lee Krasner a 1945, ita ma gwanar zane ce, suka bar hayaniyar birni suka koma ƙauyen Springs, sannan ya sami filin da yake nema: wani tsohon ɗakin ajiyar kayan gona a bayan gida. A nan, daga 1947, ya daina jingina ƙyallen zane a tsaye. Ya shimfiɗa shi a ƙasa yadda mutanen Kachia da Kwoi ke shanya citta, ya ɗauki gwangwanin fentin gida, ya tsoma sanda, ya riƙa zagaya ƙyallen ta kowane gefe yana ɗiga, yana watsawa, yana ja. A wani zanen 1947 har ƙusoshi da maɓallai da kwabbai da guntun sigari suna nan a binne cikin fentin. (Don kada a ci haƙƙin mai haƙƙi: wata tsohuwa a Brooklyn mai suna Janet Sobel ta riga shi ɗiga fenti, kuma ya ga aikinta. Tarihi ya daɗe bai tuna da ita ba.)

A watan Agusta 1949 mujallar Life ta buga hotonsa tana tambaya ko shi ne mai zane mafi girma da ke raye a Amurka. Ɗaukakar ba ta yi masa daɗi ba. Shekarun ɗigon nan na ƙwarai ba su wuce huɗu ba. A ƙarshen 1950 ya koma wa giyar da ya bari, aiki ya yi ta raguwa, har ranar 11 ga Agusta 1956 ya tuƙa mota a buge ya faɗa cikin itatuwa kusa da gidansa. Ya mutu yana da shekara 44, tare da ɗaya daga cikin mata biyun da ya ɗauko.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe daga labarinsa magana ɗaya ce. Duk lokacin da aka ce wa Pollock aikinsa dace ne kawai, ransa ɓaci yake. A wata hira da aka yi da shi a 1950 ya ce shi yana sarrafa kwararar fentin, ba ya dogara da tsautsayi, bai ma yarda akwai shi ba. Da mujallar Time ta kira aikinsa hargitsi, sai ya aika musu telegiram a fusace yana musantawa. Wato a ganinsa kowane ɗigo da izininsa ya faɗi.

A 1958, lokacin da ake yawo da zanen Pollock da takwarorinsa a biranen Turai ana nuna sabon salon Amurka, a nan Zariya wasu samari ɗalibai sun kafa ƙungiyar da muka yi maganarta a babin da ya gabata: su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Su ba su da sha'awar jefar da siffa. Mutanen da aka shekara hamsin ana gaya musu ba su da tarihi, fuska suke nema su zana, da dodanni, da tatsuniya, da matan kasuwa. Wanda aka hana magana ba ya fara da waƙar da babu kalmomi. Shi ya sa zubin fenti ya jira tsara ta gaba kafin ya sami masauki a Samaru.

Gani Odutokun baƙo ne ta ko'ina ka duba. Iyayensa Yarabawan Offa ne na jihar Kwara, amma a Nsawam ta ƙasar Gana aka haife shi a 1946, a ƙasar ya yi ƙuruciya. Ya taɓa aikin akawu kafin ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1972, yana da shekara 26, lokacin da sa'o'insa sun yi nisa a aikin gwamnati. Ya gama a 1975, aka riƙe shi malami a sashen zane, ya yi digiri na biyu a 1979, kuma bai bar Zariya ba har ƙarshen ransa. Ba kamar Pollock ba, shi yana da hannu tun farko. Ya iya zana doki da mahayinsa a hawan daba, ya iya zana lungunan Samaru yadda ɗan unguwa zai gane su. Wannan yana da muhimmanci, domin masu cewa ana zuba fenti ne don an kasa zana fuska ba su da ta cewa a kansa.

Dabarar da aka san shi da ita ita ce tsinka fentin mai. Fentin da ake matsowa daga kwanso yana da kauri kamar man shanu. Shi sai ya sirka shi har ya zama ruwa-ruwa kamar kunun tsamiya, ya zuba a kan ƙyalle, ya bar shi ya gudu. Duk wanda ya gwada ya san abin da ke biyo baya. Launi mai nauyi yana nutsewa, marar nauyi yana tasowa. Ja ya shiga shuɗi, bai gauraya duka ba, sai ya bar jijiyoyi kamar sawun ruwa a kan yashin rafi bayan an ɗauke sama. Ka karkata ƙyallen kaɗan, komai ya canza hanya. Idan lokacin hunturu ne, iska na shanye mai da wuri, ƙura na sauka ta zauna. Idan damina ce, sai ka yi ta jira. Ba ka da iko a kan rabin abin da ke faruwa.

A nan ne hanyarsa ta rabu da ta Ba'amurken. Gani ba ya musun tsautsayin, gayyatarsa yake. Idan fentin ya gama abin da ya ga dama, sai ya tsaya ya duba, ya nemi abin da ya fito, sannan ya ɗauki buroshi ya taimaka masa: nan kafaɗa, nan hula, nan bakin da ke dariya. Ya ba wannan tunani suna da kalmomin Turanci biyu, waɗanda na fassara da tsautsayi da tsari. Na yi ta kai-kawo kafin na zaɓi ta farkon. Kalmar Turancin tana ɗauke da ma'ana biyu, akwai arashi, wato abin da ya zo ba shiri, akwai kuma haɗari irin na hanya. "Arashi" ta yi laushi, "haɗari" ta yi kaifi. "Tsautsayi" ce ke tsaye a tsakani, domin ita ce kalmar da muke faɗa idan abu ya auka wa mutum bai nema ba, kuma ba mu ga laifin kowa ba. A ganin Gani zane kamar rayuwa ne, akwai abin da ka shirya, akwai abin da ya same ka, gwaninta kuwa ita ce abin da ka yi da haɗuwarsu. Bahaushe ya daɗe da taƙaita wannan: kana taka, Allah na tasa. Ina jin shi ya sa aikin nasa bai zama baƙo a Zariya ba, ko da yake mai shi baƙo ne.

Akwai bambanci na biyu, kuma a wurina ya fi na farko nauyi. Masu zanen zuci na New York, su Pollock da Mark Rothko da Willem de Kooning, ciki suka juya. Abin da ke damun ran mai zane shi ne batu. Gani ba shi da wannan sukuni. Shekarun ƙwarewarsa su ne shekarun soja: Buhari, Babangida, Abacha. A 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, Naira ta faɗi, fenti da ƙyallen da ake shigowa da su suka yi tsada, albashin malamin jami'a ya koma abin tausayi. A watan Mayun shekarar ne 'yan sanda suka harbe ɗalibai a cikin jami'ar da yake koyarwa. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan ya duba fentin da ya malala, ba mafarkinsa yake gani ba. Sarakuna yake gani.

Ya yi jerin zane a kan wani "sarki" marar suna, kuma wanda ya fi shahara cikinsu sunansa da Hausa shi ne Sarki Yana Raha da Janar-janar Ɗinsa. Sunan kaɗai ya isa a kama mutum a wancan zamani, kuma bai isa a kama shi ba, domin bai ambaci kowa ba. Wanda ya rayu a lokacin ya san irin wannan raha. A watan Maris 1986 aka harbe Janar Mamman Vatsa, abokin Babangida tun ƙuruciya, bisa zargin shirya juyin mulki. Bayan yunƙurin Gideon Orkar na Afrilu 1990 an harbe sojoji fiye da sittin. A irin wannan fada, idan sarki ya yi barkwanci, kowa dariya yake, kowa kuma na lissafin wanda ba za a gani gobe ba. Karatuna ne wannan, ba faɗarsa ba, amma ina ganin ba a banza ya zaɓi fenti mai gudu don zana masu mulki ba. Fuskar da aka fitar daga abin da ya malala kullum tana kama da mai shirin narkewa ta koma inda ta fito.

Ga masu cewa ya kwaikwayi Turawa ne, ya ba su amsa da wani zanen 1991, Hira da Mona Lisa. A ciki, wani gunkin sassaƙa irin na Afirka yana zana shahararriyar matar nan ta Leonardo, ita kuma tana sassaƙa shi. Wa ya yi wani? Tambayar tana da tushe. A 1907 Picasso ya ɗebo daga fuskokin sassaƙar Afirka ya karya siffar mutum a zanen Turai. Pollock ya sha daga Picasso har ya riƙa jin kishinsa. Abin ya zagayo ya dawo Samaru. Bashi ne da ya yi yawo har an manta wa ya fara ranta.

Mu a Kudancin Kaduna ma ba mu da hujjar yin mamaki. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg a Jos wani kan yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a. Kafin nan shekara guda ya yi a gonar doya, an kafa shi mutum-mutumi yana korar ɓarna. Wannan kai, da 'yan'uwansa na ƙauyen Nok, sun haura shekara dubu biyu, kuma wanda ya gina su bai damu da kwaikwayon ido yadda yake ba: ya yi shi mai kusurwa uku, ya huda tsakiya, ya wuce. Ku dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko dagi a bangon gidajen birnin Zariya, ko zayyanar da alaramma ke yi a allon sauka, ko ƙwaryar da aka ƙona wa ado a kasuwar Kafanchan. Ba wanda ya taɓa tsayar da mai ɗinki ya ce, "Wannan hoton wa ne?" Idonmu ya saba da kyan da ba ya kwaikwayon kowa. Abin da bai saba da shi ba shi ne a sa masa katako a gefe, a rataye a bango, a ce a tsaya a kalla. Da ƙyallen Pollock zanen ɗauri ne, da yarinyar nan ta tambayi kuɗin yadi, ba ta kawo zancen kaza ba.

Gani ba mai zaman ɗaki shi kaɗai ba ne. Tare da wasu ƙananan malamai ya kafa ƙungiyar da suka kira Ido, suka riƙa buga mujalla mai wannan suna a farkon shekarun 1990, lokacin da samun takardar bugawa kansa aiki ne. Daga cikin waɗanda suka tashi a gabansa akwai Jacob Jari, da Mu'azu Mohammed Sani wanda ya ci gaba da watsa fenti da ɗiga shi ta hanyarsa, da kuma namu na gida, Jerry Buhari.

An haifi Jerry Buhari a 1959 a ƙauyen Akwaya na ƙaramar hukumar Kachia. Ya gama Jami'ar Ahmadu Bello a 1981, ya zauna ya koyar har ya zama farfesa. Ya gaji tsinka launi da barin sa ya gudu, amma ya juya shi ga wani batu dabam, wato ƙasa da lalacewarta: ruwan da aka gurɓata, man da ya malala, abin da ke ruɓewa a hankali ba a lura ba. Aikinsa yana son a matso kusa. Daga nesa gajimaren launi ne, sai ka kusanto ka ga ɗige-ɗige da ƙananan alamu da aka zauna aka jera da haƙurin mai tsince acca. Duk wanda ya bi hanyoyinmu ya ga buhunan gawayi a jere a bakin titi, ya ga kwazazzabon da ke cin gona kowace damina, ya ga tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya kwanta a ciki, ba ya bukatar tafinta. A hannun Pollock fentin da ya zuba sawun jikin mai zane ne. A hannun Gani fuskar mai mulki ce. Da ya iso hannun ɗan Akwaya, sai ya zama ƙasar da kanta.

A watan Fabrairu 1995 Gani Odutokun ya rasu a haɗarin mota a kan hanyar dawowa Zariya daga Legas, inda aka je nunin zane a cibiyar al'adun Jamus. Shekararsa 48. Na sha jin masu ba da labarin suna haɗa mutuwar da kalmar da ya rayu yana faɗa, har su jawo Pollock ciki, wai duk biyun mota ce ta ɗauke su. Ni wannan haɗi bai kwanta mini ba. Ɗaya ya sha ya bugu ya kama sitiyari da kansa. Ɗayan malami ne da ya je aiki yana komawa wurin ɗalibansa, a kan titunan da suka ci dubban mutanen da ba su taɓa riƙe buroshi ba. Watanni kaɗan bayan rasuwar Gani aka rataye zanensa a zauren Whitechapel na Landan, cikin babban nunin zanen Afirka na zamani da aka yi a shekarar. A 2000 kuma aka shirya masa nuni na musamman a zauren Brunei na makarantar SOAS, aka sa aikin ɗalibansa kusa da nasa, aka ba nunin sunan kalmomin nan nasa guda biyu.

Mako guda bayan zancen kaza, na roƙi ragowar fentin gida a wurin wani mai fentin shaguna a Kafanchan, na sayi kwalbar tina, muka farke buhunan siminti muka shimfiɗa a bayan aji, muka danne gefen da duwatsu. Yawanci sun zuba da yawa, komai ya koma ruwan taɓo. Wani yaro ya ɓata wandon makaranta yana ta lissafin abin da zai gaya wa mamarsa. Yarinyar nan ta zuba ja, ta bi shi da baƙi kaɗan, ta ɗaga gefen takardar ta sauke, sannan ta tsuguna ta yi shiru har sauran suka fara tattara kaya. Da na zo wucewa, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, akwai wata mata a nan da tulu a ka. In fito da ita, ko in bar ta?"

Na ce takardarta ce. Ta tsinko kara a ƙasa, ta ja layi ɗaya inda wuyan yake, ta jefar da karan.